Mita Tana Ƙifta Ido

Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabi, babu matar da ta kai Maman Tela iya tsuke bakin aljihu a layinsu. Sabulu idan ta sayo, sai ta yanka shi gida-gida ta shanya a kan taga, wai busasshe ya fi jimawa. Ragowar da ta sirance ba ta yarwa, tana tarawa a tsohuwar safa, da ita ake wanke kwanuka. Ruwan ɗauraya shi ke goge ɗaki, wanda ya goge ɗaki shi ke tafiya banɗaki. Wake kuwa tana jiƙa shi da wuri, yana tafasa ta sauke tukunyar ta naɗe da tsohon bargo, ta tafi harkarta, ta dawo ta tarar ya nuna da kansa ba tare da ya ƙara shan gas ba. Ba ta shiga kasuwa sai yamma lis, lokacin da masu kayan miya suka gaji da zama suna neman wanda zai raba su da kayan. A cikin gida har an sa mata suna Hukuma, domin duk wanda ya fita ɗaki ya bar ƙwan fitila a kunne, kunnensa zai gaya masa.

Sunan Maman Tela kuwa babbar 'yarta ce ta jawo mata shi. Yarinyar ta gama makaranta ta koyi ɗinki, hannunta kuma ya yi kyau, ba yabon kai ba. Uwar ta sayar da 'yan kunnenta, ta haɗa da ɗan abin da take ɓoyewa daga aikinta na dafa abinci a wata makarantar yara, ta sayo mata keken ɗinki mai amfani da wuta. Aka ajiye shi a bakin tagar falo. Daga ɗaukar faci da rage wando, sai ga mata suna kawo yadi sabo. Kowa ya koma kiran yarinyar Tela, uwar kuma Maman Tela, kuma wallahi duk sanda aka kira ta da sunan sai ta ji kanta ya ƙara girma. A kan keken nan ta ɗora duk burinta, domin shi ne abu ɗaya a gidan da ke shigo da kuɗi maimakon ya fitar.

Dabarunta duka sun yi aiki, in ban da wuri ɗaya. Mita. Mitarsu mai kati ce, tana maƙale a bangon lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar baya, da 'yar jar fitila a goshinta mai ƙiftawa duk sanda ake shan wuta. Maman Tela ce ke sayen katin, tun da aiki ya yi wa maigidan ƙaranci. Katin da a da yake kai su ƙarshen wata, sai ya koma ƙarewa tun wata bai raba ba.

Abin da ya sa ba ta nemi kowa a waje ba, ai da mai abin a gida. Mijinta gyaran wuta ne sana'arsa, rabin gidajen unguwar shi ya ja musu waya. Ta ce, "Baban Tela, duba mana mitar nan, ta zama rijiya." Ya ɗauko abin gwajinsa ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce mita lafiyarta lau, wani abu ne dai a gidan yake jan wuta. Da likita zai ce mata jininta lafiya lau, haka za ta yarda. Ta yarda.

Sai ta shiga farauta. Ta kashe firji ta wanke shi, ya koma ma'ajiyar kwanuka. Guga ta koma sau ɗaya a mako, kayan kowa a haɗe. Hita ta shige ƙarƙashin gado. Fanka ba a kunna ta sai zafi ya kai mutum bango, caja kuwa idan ta gan ta a soket ba waya a jiki, ranar mai ita ya shiga uku. Aka sha gumi, aka sha ruwan zafi, mita ko a jikinta.

A wannan tsakanin ne Yaya ta zama abin godiya. Yaya yayar maigidan ce, ita ta rene shi bayan iyayensu sun rasu, mijinta shi ma ya rasu, gidanta kuma bango ɗaya ne ya raba shi da nasu. Sana'arta ƙanƙara da ruwan sanyi, da manyan firiza guda biyu da suke gurnani ba dare ba rana, har Maman Tela ta saba da jin ƙararsu ta bangon kicin kamar yadda mutum ke sabawa da minsharin miji. Da damina mitar Yaya ta ƙone, ƙanenta ya shiga da jakarsa ya fito ya ce ya gyara, magana ta wuce. To da Yaya ta ji an kashe firji, kullum sai ta shigo da dunƙulen ƙanƙara a leda.

"Matarmu, ungo, ku jiƙa maƙoshi. Zafin nan ba na wasa ba ne."

"Kai, Yaya, ba kya gajiya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi."

"Amin. Ai ɗa na kowa ne, balle na ƙanena."

Haka Maman Tela take karɓa hannu bibbiyu, har da rusunawa.

Yaya ce kuma ta fara nuna keken. Wata rana tana zaune a falo, Tela tana ɗinki, keken yana ta sululu, sai ta taɓe baki ta ce, "Ni fa ba na son shiga abin da ba ruwana, amma kin kashe firji kin bar wannan? Duk abin da ke da mota mai juyawa a ciki ai shi ne ɓarawon wuta." Maman Tela ta juya wajen mijinta, tunda shi ne masani. "Baban Tela, haka ne?" Yana ɗaure igiyar takalmi a lokacin. Bai ɗago ba. Ya ce, "To... mota dai tana jan wuta." Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Da farko ta ce a rage ɗinkin. Mita ba ta ragu ba. Ta ce to a dakata gaba ɗaya har wata ya ƙare a gani. Tela ta yi kuka, ta ce akwai kayan mutane a hannunta, uwar ta ce ta kai shagon wani ta ƙarasa. Aka lulluɓe keken da zane. Maman Tela ta riƙa duba lambar mita kafin ta tafi aiki, ta kuma duba idan ta dawo. Gida babu kowa sai Tela, ƙannenta suna makaranta, uban yana yawon neman aiki, amma lamba tana sauka kamar ana ɗibarta da ludayi. To wa ya rage a zarga?

Ranar da abin ya fashe, ta dawo ne ƙafafunta a kumbure, domin ta daina hawa mota ta koma takawa. Ta leƙa mita, ranta ya ɓaci, ta shigo falo. Maigidan yana zaune a kan tabarma yana cin abinci, Tela tana ninke kaya.

"Ke, zo nan. Kin kunna keken nan yau."

"Wallahi Mama ban taɓa shi ba."

"Aljanu ne suke shan wutar ke nan? Ina can ina ƙona hannuna a tukunyar mutane, ke kina nan kina cin amanata?"

"Mama, ki taɓa shi ki ji, a sanyaye yake. Na rantse miki."

Yarinyar tana magana ne amma ba uwar take kallo ba. Idonta yana kan ubanta, ƙyam, ko ƙiftawa ba ta yi. Wannan ne ya ƙarasa tunzura Maman Tela, ta ɗauka raini ne, ana yi mata magana tana neman mai goya mata baya. Ta ɗauke ta da mari. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kai hannu fuskarta ba sai ranar. Maigidan ya tsame hannu daga kwano, ya ce, "A yi haƙuri mana, a yi haƙuri," ya tashi ya wanke hannu ya fita. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ba a yi kwana nawa ba, Tela ta tafi kai wa wata mata kayanta, Maman Tela ta kira dillali. Ya juya keken, ya taɓe baki, ya kushe shi tas kamar yadda suka saba, ya ba ta abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Ta karɓa zuciyarta tana ƙuna, ta ce wa kanta gara a rasa keke da a koya wa yarinya ƙarya. Tela ta dawo ta ga teburin wayam, sai zanen da aka ninke a kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaya ba. Ta samu wani shagon ɗinki a bakin titi inda ake ba ta sa maɓalli da yanke zare, tana fita da safe ta dawo da yamma. Tsakaninta da uwar sai gaisuwa.

Aka sa sabon kati da kuɗin keken. Shi ma ya kama zurarewa kamar na baya.

Ranar da ya kusa ƙarewa ta faɗo ranar hutunta. Hantsi ya yi, gida ba kowa. Maman Tela ta tsaya a gaban mita, domin wani tunani ya fara ƙwanƙwasa mata kai wanda ba ta son buɗe masa ƙofa. Ta bi ɗaki-ɗaki ta zare komai daga bango. Rediyo, talabijin, caja, har ƙwayayen fitila ta hau kujera ta kwance su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan gado. Ba abin da ya rage a gidan nan da zai sha wuta ko ta ƙwayar gero. Ta koma lungu.

Jar fitilar tana ƙiftawa abinta. Ƙyaf. Ƙyaf. Ƙyaf. Da sauri ma, sai ka ce tana yi mata dariya.

Ta miƙa hannu ta ja babban makunnin da ke gefen mita ƙasa. Fitilar ta mutu. A daidai lokacin gurnanin nan da ta saba ji ta bangon kicin ya yi wani dogon nishi ya tsaya. Shiru ya sauka, irin wanda ta manta akwai shi. Sai muryar Yaya daga can cikin gidanta: "Kai! Sun ɗauke kuma!" Alhali ga injin mai aski a tsallaken layi yana ta kuka, ga rediyon mai shago yana ta zuba.

Ta mayar da makunnin sama. Firiza biyu suka tashi tare.

"Yauwa, sun kawo," in ji Yaya.

Ta sake ja ƙasa.

"Oh ni! Yau wasa suke da mutane?"

Maman Tela ta jingina da bango. Da ta ɗan samu kanta, ta jawo teburin kicin ta ɗora kujera ta hau, ta ɗaga allon silin da ke saman mita. Ga ta nan. Waya baƙa mai kauri ta fito daga bayan mitarsu, ta bi jikin katako, ta shige wani rami a bango zuwa gidan Yaya. Aiki mai tsafta, an kafe ta daidai-wa-daida, ba karkata. A wurin haɗin an naɗe da baƙin salatif, an kuma lanƙwasa ƙarshensa ya yi ɗan kunne, don mai warwarewa ya samu abin kamawa. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yin wannan ɗan kunnen. Shi ne a jikin wayar dutsen gugarta, shi ne a jikin fankar ɗakinsu. Sau nawa ya yi mata alfahari da shi, wai aikin da ba shi da kunne ba nasa ba ne.

Ta sauko a hankali. Ba ta mayar da makunnin ba. Ta jawo kujera ta zauna a lungun, ta harɗe hannu. Ta bango tana jin Yaya tana waya. "Kana ina? Maza ka zo, kaya za su narke."

Bai daɗe ba sai ga shi, yana haki, jaka a kafaɗa. Wadda ta kira shi tana can gidanta, amma bai nufi can ba. Kai tsaye ya turo ƙofar baya ya shigo lungu, hannunsa har ya miƙa wajen makunni, sannan ya ga mutum a zaune. Ya ga allon silin a buɗe. Hannun ya tsaya a iska.

"Sannu da zuwa, Baban Tela," ta ce. "Wutar Yaya ce ta ɗauke, me ya kawo ka mitarmu?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya sauke jakar, ya share gumi. "Ki tsaya ki ji. Mitarta ta ƙone ƙurmus, sabuwa kuma kin san kuɗinta. Na ce na ɗan kwana biyu ne kafin ta samu. Ita ta rene ni, Maman Tela. Ta zo tana kuka, in ce mata me?"

"Ka ce mata bari in gaya wa matata. Ni dabba ce? Da ka faɗa mini, da hannuna zan raba katin nan biyu."

"Na san za ki yi faɗa."

"Faɗa!" Ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Tsoron faɗana ya sa ka bar 'ya'yanka suna kwana cikin gumi? Na tambaye ka a kan keken nan, kai da ka san abin da kowace waya take ci. Keken ɗinki wutar me yake sha?"

Ya sunkuyar da kai. "Bai kai dutsen guga ba."

"Bai kai dutsen guga ba. Kana zaune, hannunka a cikin kwano, na kira yarinyar nan maƙaryaciya. Kana zaune na mare ta. Ka ga teburin nan wayam ka wuce ka kwanta, har ka yi minshari. Wallahi ka ci amanata, ka kuma sa na ci ta 'yata."

Hayaniyar ce ta jawo Yaya. Ta shigo da ledar ƙanƙara a hannu, ta saba, ruwa yana ɗiga. Kallo ɗaya ta yi wa silin ta gane. Ka ce za ta ji kunya? Ina! Ta gyara tsayuwa ta ce, "To mene ne? Gidan ƙanena ne, wutar ƙanena ce. A kan 'yar wuta za ki tara mana jama'a?"

"Katin da gumina na saya, Yaya. Keken kuma ke kika nuna shi da bakinki."

"Ni na ce ki sayar? Shawara na bayar."

Maman Tela ta dubi ledar. Watanni tana rusunawa tana karɓar wutarta da aka daskarar, tana sa albarka. Ta ɗauki mayafinta ta ratsa tsakaninsu ta fita, ta bar su tsaye a gaban makunni, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara kai hannu.

Wajen dillali ta fara zuwa, a ƙafa, rana tana dukanta. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, keke mai kyau irin wannan yana kwana? Washegari wani baƙo ya ɗauka, ko garinsu ban tambaya ba." Shi da ya ce keken ya gaji. Ya nuna mata wani a lungu, ya faɗi kuɗinsa, ta juya ba ta ko taya ba.

Shagon da Tela take aiki ƙarami ne, kekuna uku a ciki, duka da masu su. Ita an ba ta benci a bakin ƙofa, inda haske yake shigowa, da gwangwanin maɓallai a gefenta da tarin riguna a cinya. Mai shagon ya ɗago ya ce, "A'a, Maman Tela ce da kanta? Sannu da zuwa." Sunan ya soke ta. Ta amsa da kai kawai, ta tsaya a gaban 'yarta.

"Na gano abin da ke shan wutar," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ke ba ce. Babanki ne ya ja wa Gwaggonki waya ta cikin silin. Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta zaci yarinyar za ta zabura, ko ta fashe da kuka. Tela ta ciji zare ta yanke, ta ɗauki wani maɓallin.

"Na sani, Mama."

"Kin san me?"

"Ina gida ranar da ya ja ta. Ni na riƙe masa tsani. Ya ce kada in faɗa miki, shi zai faɗa da kansa idan ya samu lokaci."

Maman Tela ta dafa ƙyauren shagon. "Kin sani, kika bar ni na..."

"Na rantse miki ban kunna ba, ba ki yarda ba. Sauran maganar kuma ba tawa ba ce, tasa ce. Shi ya sa nake kallonsa ranar. Na ce yanzu zai yi magana. Da kika ɗaga hannu na ce yanzu kam dole ya yi." Ta zura allura a ramin maɓalli. "Ya ce a yi haƙuri."

"Bayan nan fa? Me ya hana ki zo ki same ni?"

"Ban zaci za ki sayar ba. Da na dawo na ga teburin, na ce to me ya rage? In na faɗa keken zai dawo ne?"

Kekuna ukun nan suna ta sululu a bayansu, kowanne da mai shi. Maman Tela tana tsaye, mayafi ya zame daga kafaɗarta, ba ta gyara ba. Ashe duk tsawon watannin nan da take bin bango tana zare caja, tana auna sabulu, tana takawa a rana, a gidan nan ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ta buɗe baki za ta ce za ta sayo wani, ko da shekara za ta yi tana tarawa, sai ta tuna ba ta da sauran 'yan kunne.

Tela ta ɗaga rigar kusa da idonta tana neman ramin allura, ta karkata hagu, ta karkata dama.

"Mama, ki ɗan matsa," ta ce. "Kin tare mini haske."